A Buɗe wa Masu Jakai Ƙofa Kafin Ruwan Shuka

Zuwa ga Alhaji Sa'idu,
Shugaban Kwamitin Ci Gaban Gari da Kasuwa,
da dattawan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina tambayar lafiyarku da ta iyali, da gajiyar hidimar jama'a, da haƙuri da mu. Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana.

Baba Alhaji, mai wannan takarda Lawali ne, ɗan marigayi Mamman mai turke, na unguwar arewa. In sunan ya shige muku, ni ne mai tsaron jakan mutanen ƙauye ranar kasuwa. Aikin na gaje shi wurin mahaifina, shi ma wurin nasa mahaifin ya gada. Karatuna na boko bai yi nisa ba, saboda haka in an ga magana ta karkace a yi mini uzuri, a ɗauki abin da nake nufi.

Abin da ya sa na rubuto guda ne. Ina roƙon a fasa ƙaramar ƙofa a bangon kasuwa ta ɓangaren arewa, wadda mutum da kayansa zai iya shiga, kuma ina roƙon in ji amsa kafin ruwan shuka ya sauka. Na so a karanta takardar a ƙofar masallaci, samari kuma su sa ta a waya, domin bangon nan da gudummawar jama'a aka gina shi. In za a taɓa shi gara kowa ya ji dalili da kunnensa, kada gobe a ce an shiga ɗaki an yi wa Lawali alfarma.

Na ɗaya: abin da aka yi a shekarar nan

Ba zan fara da kuka ba, domin wanda bai ga alheri ba, in ya ce ya ga sharri ba a yarda da idonsa. Daga bazarar bara zuwa wagga bazara garinmu ya sake kama. An yi lambatu a bakin kwalta, kuma damina ta zo ta wuce ruwa bai shiga rumfunan ma'auna ba, abin da tun tasowata ban gani ba. An kafa fitilu masu sola daga tasha har ƙofar asibiti. An haƙa rijiyar burtsatse kusa da masallaci, mata sun huta da layin tsohuwar rijiya. An kewaye kasuwa da bango, aka bar mata ƙofa ɗaya ta kudu mai kallon kwalta, inda ake duba kayan kowa kafin ya shiga. Kuma an gina sababbin shaguna na bulo da rufin kwano, layi-layi, har baƙon da ya sauka daga motar Ƙaura yakan tsaya ya sake dubawa ko garin ne.

Sana'o'i ma sun juya. Masu POS sun yi yawa har suna kiran mutum awa 'yan kamasho. Masu cajin waya sun koma sola, ƙarar janareta ta ragu a kasuwa. Wani tela ya taso daga Ƙaura ya kama shago, yana ɗinkin da a da sai an tafi birni. An sami mai firji, yanzu da zafin nan ana shan zoɓo mai sanyi a garinmu. 'Yan ga-ruwa da burtsatse ta kashe wa kasuwa sun ajiye garwa sun kama baro, suna dakon kaya. 'Yan uwanmu da tashin hankali ya koro daga ƙauyuka sun cika unguwanni, ɗakin haya ya yi wuya, matansu kuwa su ne ke tuyar awara da ƙosai a bakin ƙofar kasuwa.

Akwai kuma canjin da ba kwamiti ya kawo shi ba, kuma ba a gina masa komai ba. Mashin ya ragu. Mai ya yi tsada, hanyoyin daji kuma wanda ya bi su da mashin ya san da abin da yake wasa. 'Yan kabu-kabun da ke zuwa daga wajen Galadi da Jangeru har yanzu suna zuwa, amma sai sun taru sun yi ayari. Mutanen ƙauyukan kusa kuwa da yawansu sun sayar da mashin sun koma wa jaki. Bakaniken tasha yanzu yini yake yana korar ƙuda, tsohon da ke ɗinkin akumari da mangala a bayan mahauta kuwa, wanda aka daɗe ana yi wa dariya wai sana'arsa ta riga shi mutuwa, bana sai ka ba da aiki ka jira kasuwa ta zagayo.

To, Baba Alhaji, a shekarar da jakai suka dawo, a shekarar ce aka gina shaguna a kan filinsu.

Na biyu: filin turke

Kun san filin fiye da ni, domin mahaifina ya sha gaya mini cewa kafin Allah ya buɗa muku, ku da mahaifinku a nan kuke ɗaure naku jakan in kun taso daga fatauci. Amma saboda yara da baƙin da za su ji wannan takarda, bari in faɗi yadda yake.

Fili ne a arewa da kasuwa, ƙarƙashin tsamiya. Kowane ƙauye da layin turakunsa, kuma ba a taɓa sauya wa ƙauye layi. Mutanen Tunga suna gabas, na Gidan Dutsi suna tsakiya, na hayin rafi suna bakin yamma, haka har ƙarshe. Jakai maza gefe, mata gefe, mai cizo kuma a kai shi can nesa a yi masa dabaibayi. Mutum ya iso, ya sauke kaya, ya miƙo mini igiya, ya shige kasuwa hankalinsa kwance. Ni ne ruwa, ni ne raba faɗa, ni ne korar yara masu tsokana. Ba a yanka wa aikin farashi. In mutum zai koma gida sai ya sa hannu a taiki ya zubo mini abin da ya sawwaƙa, gero ko dawa ko wake, wanda bai yi ciniki ba kuma ya ce Allah shi kai mu ta gaba, in ce amin. Kashin jakan kuwa na mai tsaro ne, haka al'ada ta ajiye. Washegarin kasuwa in share in tara, in bazara ta yi in kwashe in kai gona.

Da za a fara ginin an kira ni gaban kwamiti, kuma na gode da aka kira ni. Aka ce gari yana bukatar shaguna, filin nan shi ne ya fi kusa, za a duba mana wani wuri. Ban yi gardama ba. Na ce Allah shi sa alheri, na roƙi dai a bar ni in kwashe takin da na tara duk rani. Aka ce babu damuwa. Kafin in sami amalanke katafila ta iso, ta baje jujin takin, aka yi ciko da shi. Yanzu yana ƙarƙashin shagon mai sayar da katifa. Ban ɗora wa kowa laifin wannan ba, mai katafila aikinsa aka ce ya yi, kuma haya ake biyan ta.

Na uku: wurin da aka ba mu

Wurin da aka duba mana shi ne tsakanin lambatu da kwalta, kudu da kasuwa, dab da tasha. Na karɓa na kafa turaku. Ga abin da na gani a cikinsa.

Masu jakai kusan dukkansu daga arewa da gabas suke fitowa. A da suna fitowa daga gonaki sai fili, sai kasuwa. Yanzu sai sun zagaye bango kaf, sun ratsa lungunan unguwa da dabba mai kaya niƙi-niƙi. Mangala ta gogi katangar wani, matar gida ta leƙo ta yi faɗa, yara su biyo su da ihu. Mutumin da ya yi sammako ya taso da damuwar hanya, ya iso gari kuma a tarbe shi da baƙar magana.

In sun iso kuma sai maganar tsallaka lambatu. Murafun simintin da aka shimfiɗa a kansa akwai tazara tsakaninsu, ana hango ramin ta ƙasa, kuma in an taka suna amsawa. Jaki ba ya taka abin da ya ga rami ƙarƙashinsa. Ka ja, ka tura, ka doka, ka rufe masa ido da hula, zai kafe ƙafafu ya tsaya yana kallon ka. Dole a sauke kaya nan bakin titi a kira mai baro, a biya shi, a kan tafiyar da ba ta kai jifa ba. Na taɓa shimfiɗa tsohon buhu na zuba ƙasa a kai don ya rufe tazarar, jakai suka fara wucewa, sai masu shara suka ce ƙasar tana cika lambatu, aka kwashe. Da gaskiyarsu.

Babu inuwa a wurin, babu inda za a ajiye kwamin ruwa. Babbar mota in ta danna oda sai jakai su zabura, turke ya tuge, domin ƙasar wurin ciko ce, ba ta riƙo. Da damina wani jaki ya tsinke ya faɗa titi, Allah ya kiyaye direban ya iya birki, amma an yi zage-zage har sai da Sarkin Kasuwa ya fito. Kashin da ke zuba kuma ba ya taruwa, tayoyi su niƙe wani, masu shara su tura sauran cikin lambatu. Samarin tasha sun raɗa mini suna, wai Kansilan Jakai. In na wuce su ce, "Ranka ya daɗe Kansila, yau 'yan mazaɓarka sun ƙi hawa gada?" Nakan yi dariya in wuce, domin ba su yi ƙarya ba.

Da mutane suka gaji sai suka daina kawo mini. Wasu suna ɗaurewa a bakin rafi, can arewa da gari, su bar yaro ko su bar wa Allah. A nan ne aka kwance jakin Baba Ɗan Ige na Gidan Dutsi bayan kaka. Wanga tsoho tun zamanin mahaifina yake kawo gero kasuwarmu, turkensa na biyu ne a layinsu, ko bai zo ba ba a ba wani. Ranar ya ɗaure a rafi ya ɗauko buhunsa a ka, ya koma bai tarar da komai ba sai guntun igiya. Kowa ya san abin da ake yi da jakan sata a zamanin nan, fata ake nema. Na raka shi muka bi sawu har inda ya hau kan dutse ya ɓace. Da muka juyo ya zauna a gindin wata aduwa ya ce mini, "Ɗan Mamman, kasuwarku ta yi kyau ƙwarai, sai dai ba mu aka yi wa ita ba." Na ce ya yi haƙuri ya riƙa kawowa kudu in ya sami wani. Ya ce, "Ni da jaki duk mun tsufa da koyon hawan gada." Tun ranar bai sake shigowa ba. Na ji an ce in ya sami mai kai masa, Shinkafi yake aikawa.

Na huɗu: kasuwar da ta tsiro a bakin rafi

Wannan ya shafi masu sababbin shaguna fiye da ni, shi ya sa nake so su ji. Da 'yan sari suka lura masu hatsi suna tsayawa a rafi, sai suka riƙa fita can da tiyarsu da buhunansu tun da hantsi. Baƙauye ya gaji, ga zagaye a gabansa, ga kuɗin baro, ga tsoron barin dabba, sai ya sayar nan take yadda aka taya. Daga nan mai gishiri da maggi ya bi su da faranti, mai ƙosai ta kai kaskonta, mai magani ya kai jakarsa. Yanzu ranar kasuwa in kun aika a duba bakin rafi da hantsi za a ga taro sosai. Mutum ya sayar, ya sayi cefanensa, ya juya gida, bai ga ƙofar kudu ba balle shagon bulo.

Ma'aunan cikin kasuwa suna cewa hatsi ba ya shigowa. Masu shaguna suna cewa babu ciniki, wasu har sun fara rufewa tun azahar. Ana ɗora wa tsadar rayuwa, kuma tana da nata kason, ban musa ba. Amma cinikin da ake nema wani sashensa yana nan bayan bango, ba a duba kayan kowa, babu haske, babu mai tsaro. Bangon da aka yi don tsaro ya tara mutane a inda babu tsaro ko kaɗan.

Na biyar: layin da babu kowa

Akwai wani amfani da filin turke yake yi wanda ba a rubuta shi ko'ina ba, amma duk dattijon garin nan ya san shi. Tunda kowane ƙauye da layinsa, in hantsi ya yi aka ga layi guda babu jaki ko ɗaya, an san akwai magana a wannan hanyar. Mahaifina yakan tashi ya je ya gaya wa Sarkin Kasuwa, ni ma haka na riƙa yi. Sai a ce wa masu niyyar bin hanyar su dakata tukuna. Wani lokaci rafi ne ya kawo, wani lokaci rasuwa aka yi, a yi hamdala ko a yi ta'aziyya. Wani lokaci kuma mutanen daji ne suka tare.

Yanzu jakai sun watsu, wasu kudu, wasu rafi, wasu a zauren 'yan uwa. Babu inda mutum zai tsaya ya duba ya ce mutanen wuri kaza ba su zo ba. Kafin azumi an yi ranar kasuwar da mutanen Tunga ba su fito ba ko mutum ɗaya, kuma babu wanda ya lura sai bayan azahar. Kafin nan 'yan kabu-kabu biyu sun ɗauki fasinja sun bi hanyar. Sun dawo da ƙafa, babu mashin, babu waya, babu takalmi. Mun gode wa Allah da suka dawo da ransu. Ban ce da filin yana nan ba za a yi haka ba, abin da Allah ya rubuta babu mai kankarewa. Na ce dai da an sami mai cewa a dakata.

Wani zai ce ai yanzu zamanin waya ne. Haka ne. Amma wayar mutumin ƙauye ranar kasuwa yake kawo ta caji, wato ranar da aka fi bukatar ta, ranar ce ba ta da wuta. Sabis kuma a can sai an hau tudu ko bishiya, kuma mai gudun ransa ba ya tsayawa hawan bishiya.

Na shida: ni kaina

Ba zan ɓoye ba, ina da tawa bukatar a ciki, kuma ita ce ta zaunar da ni rubutu. Gonarmu ta daji mun bar ta shekarun nan, kamar yadda kowa ya bar tasa. Abin da ya rage mana ni da mahaifiyata da iyalina shi ne 'yar gonar bayan gari, wadda yanzu bangon kasuwa na arewa ya zama iyakarta. Ƙasa ce mai yashi, takin jakan nan ne ya riƙe ta tun zamanin kakana. Bara ba ta sami taki ba, na zamani kuwa ba na irinmu ba ne. Geron ya fito siriri, zangarniya awa yatsa. Abin da muka girbe bai kai mu azumi ba. Ɗan hatsin da nake samu wurin masu jakai, wanda a da shi ke cike giɓin, shi ma ya koma sai a tafin hannu. Ranakun da ba kasuwa nakan yi leburanci wurin magina, to ginin ma an gama.

Na zo gare ku da maganar nan bayan an raba shaguna, kuka ce in bari damina ta wuce. Na dawo da kaka, kuka ce in bari a zauna, lokacin kuna fama da maganar masu gudun hijira, kuma na ga uzurinku da idona. Na sake zuwa bayan ƙaramar Sallah, na tarar kun tafi Zurmi ta'aziyya, na bar saƙo wurin Sarkin Kasuwa. Ba a taɓa kora ta ba, ba a taɓa gaya mini baƙar magana ba, har shayi an ba ni. Amsa ce dai ban samu ba. Har akwai wanda ya ba ni shawara in nemi aikin shara a sabuwar kasuwa in manta da jakai. Shara ba abin kunya ba ce, amma in na kama tsintsiya, wa zai kama igiya?

Na bakwai: abin da na kawo da abin da nake roƙo

Na san garin nan babu sauran fili kusa da kasuwa, kuma ba na cewa a rushe shagon kowa. Saboda haka ba fili nake roƙo ba, filin ni zan bayar. Rabin gonarmu da ke jingine da bango zan bar shi ba shuka, in kafa turaku a ciki, kowane ƙauye da layinsa yadda aka saba. Akwai bishiyar dogon yaro a wurin mai inuwa, ga rijiyar unguwa kusa. Zan kewaye shi da shingen kara da ƙaya. Maƙwabcina na gona, Malam Isa, na same shi mun yi magana, ya ce ya yarda in dai duk jakin da ya shigo da damina za a yi masa dabaibayi, kuma in ɓarna ta faru ni zai tuhuma. Na ce na ɗauka.

Mahaifiyata ba ta so ba da farko. Ta ce, "Lawali, gonar da ba ta ishe mu ba ita za ka raba da jakai? Mu ne za mu ci kashin?" Na ce mata rabin da ya sha taki ya fi cikakkiya mai yunwa, ga kuma abin da masu jakai za su riƙa zubowa. Daga baya ta ce ta yarda, amma da sharaɗin ƙofa. In babu ƙofa mutane ba za su ɗaure a arewa su zagaya kudu da kaya a ka ba, mu tashi babu gero babu jakai. Kuma gaskiyarta ce.

Ga roƙona, Baba Alhaji:

1. A fasa ƙofa a bangon arewa, daidai gonarmu, ƙunƙuntacciya, wadda mutum ɗauke da buhu zai wuce amma mashin ba zai wuce ba. In an kafa mata turken ƙarfe a tsakiya ya wadatar.

2. Kada a buɗe ta sai ranar kasuwa, daga fitowar rana zuwa la'asar. Makulli ya zauna wurin Sarkin Kasuwa, kada a ba ni.

3. A raba masu duba kaya, a sa ɗaya ko biyu a can. Na san abin da ya sa aka yi ƙofa ɗaya, ni ma a garin nan nake kwana, kuma ba na son in zama sanadin shigowar sharri. Sai dai mai zuwa da jaki sananne ne, ana sanin ƙauyensa da gidansu, baƙuwar fuska kuwa a layin da ba nata ba ba ta ɓuya.

4. In kwamiti ya ga babu abin biyan magini, a ba da izini kawai. Ma'auna da wasu masu shaguna sun ce mini za su taimaka da siminti da ƙyaure, aikin ƙarfin kuma ni da abokaina za mu yi.

5. In kun duba kun ga hatsarin ya fi amfanin, a gaya mini a'a a fili. Ba zan yi fushi ba, ba zan kai ƙara ko'ina ba. Ku ne manya, kuna ganin abin da ba na gani.

Abin da ba zan iya ba shi ne ƙarin jira, kuma ba taurin kai ba ne. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma. Maƙwabtana wasu har sun yi binne, sun sa iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, ni kaɗai ne gonata ke kwance ba a taɓa ba, masu wucewa suna tambaya ko lafiya. Mahaifiyata ta sussuke iri ta zuba a ƙwarya ta ajiye bakin gadonta. Ranar da ruwan shuka ya sauka, in babu amsa, da safe zan ɗauki sungumi in shuke gonar tun daga bakin hanya har gindin bango, domin ba a ce wa ƙasa mai laima ta jira zaman kwamiti. In gero ya shiga ƙasa kuwa, babu jakin da zai taka wurin sai bayan girbi, kuma ban san ko mutanen da suka saba da bakin rafi za su jira mu har lokacin ba.

Turakun na riga na sare su, na kirya ne, na feƙe su na jingine a bayan ɗaki. In kun ce i, kasuwa mai zuwa za a same su a ƙasa. In kun ce a'a, kirya tana ci da kyau a murhu, ba za su yi asara ba.

Allah shi ba ku ikon duba maganar nan da idon rahama. Allah shi saka muku da alheri a kan abin da kuka yi wa garin nan, shi yafe muku inda aka yi kuskure, shi jiƙan mahaifanku da namu. Allah shi kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu da gonakinmu, shi mayar da waɗanda suka baro gidajensu, shi ba mu damina mai albarka. Amin summa amin.

Wassalam.

Ɗanku,
Lawali Mamman mai turke,
Unguwar Arewa.